Taura Biyu a Baki Ɗaya: Kwatanta Zaratan 'Yan Wasan Kurket a Lokacin Ganiyarsu

Gabatarwa

A ƙasashen da wasan kurket ya zauna da gindinsa, watau irin su Ingila da Ostareliya da Indiya da Pakistan da tsibiran Wes Indis, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin ma'abota wasan. Gardamar kuwa ita ce, a cikin 'yan wasan da suka haɗa gwanintar bugu da ta jifa, wane ne ya fi? Wasu su ce Garfield Sobers ne, wasu su ce Ian Botham, wasu Imran Khan, wasu kuma Jacques Kallis, kowa da alƙaluman da yake kafa hujja da su. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jimillar abin da ɗan wasa ya tara daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba ta isa ta raba wannan gardama ba. Kafin a yanke hukunci sai an duba abin da mutum ya yi a lokacin ganiyarsa, da tsawon wannan ganiya, da kuma irin abokan karawar da ya yi bajintar a kansu.

Yadda Wasan Yake

Da yake wasan bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, ya kamata a fara da bayaninsa a taƙaice. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani ɗan zirin wuri mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Ƙungiya ɗaya tana turo masu bugu biyu-biyu, kowane da faffaɗan katako a hannu, yana kare turakun. Ɗaya ƙungiyar kuma ita ke jifa da ƙwallo, sauran 'yan wasanta suna watse a fili suna tara. In mai bugu ya doki ƙwallon, shi da abokinsa sai su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya ce. In ƙwallon ya gangara har ya ƙetare iyakar fili maki huɗu ke nan, in kuwa ya ƙetare ta sama maki shida. Mai bugu yakan fita in ƙwallon ya doki turakunsa, ko aka cafke shi kafin ya taɓa ƙasa, ko ya tare shi da ƙafa a gaban turakun, ko aka riga shi isa wurinsa yana cikin gudu. In mutum goma suka fita, sai ƙungiyoyin su yi canji.

Domin sauƙin bayani, an ari kalmomi biyu daga filin dambe da na kokawa. Zaman da ƙungiya take yi tana bugu za a kira shi turmi, fitar da mai bugu kuma za a kira shi kaye. Mafi daraja a cikin nau'o'in wasan shi ne wanda ake kira Tes, wanda aka fara a 1877 tsakanin Ostareliya da Ingila. Yakan kai kwana biyar, kowace ƙungiya tana da turmi biyu. A kansa akasarin wannan bayani zai tsaya.

Ana auna mai bugu da matsakaicin makinsa, watau a raba makin da ya ci da yawan kayen da ya sha. Wanda ya kai 50 ya shiga sahun manya. Mai jifa kuwa ana raba makin da aka ci a kansa da yawan kayen da ya yi, saboda haka nasa ƙanƙanta ake so, wanda ya yi ƙasa da 25 gwani ne. Cin maki 100 a turmi ɗaya abin alfahari ne ga mai bugu, kamar yadda kaye biyar a turmi ɗaya yake ga mai jifa.

A fagen bugu zalla babu wata doguwar gardama, domin Don Bradman na Ostareliya, wanda ya yi wasa daga 1928 zuwa 1948, ya bar matsakaicin 99.94 a wasa 52, kuma babu wanda ya ko kusance shi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen waɗanda suka riƙe sana'o'in biyu. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma akasarin 'yan kurket sun gaskata wannan magana, domin gwanin jifa yawanci rago ne a bugu, gwanin bugu kuma ba safai ake ba shi ƙwallo ba. 'Yan ƙalilan ɗin da suka ƙaryata karin maganar su ne za a kira masu kaifi biyu.

Abin da Jimilla Take Nunawa

In aka ɗauki jimillar lissafin mutum shida da aka fi ambata, ga abin da za a gani. Sobers na Wes Indis ya ci maki 8,032 a wasa 93, matsakaicinsa 57.78, ya yi kaye 235 a kan 34.03. Kallis na Afirka ta Kudu ya ci 13,289 a wasa 166 a kan 55.37, da kaye 292 a kan 32.65. Imran Khan na Pakistan ya ci 3,807 a wasa 88 a kan 37.69, da kaye 362 a kan 22.81. Botham na Ingila ya ci 5,200 a wasa 102 a kan 33.54, da kaye 383 a kan 28.40. Kapil Dev na Indiya ya ci 5,248 a wasa 131 a kan 31.05, da kaye 434 a kan 29.64. Richard Hadlee na Niyu Zilan kuma ya ci 3,124 a wasa 86 a kan 27.16, da kaye 431 a kan 22.29.

Hanyar da aka saba bi ita ce a ɗebe matsakaicin jifa daga na bugu, wanda rararsa ta fi yawa shi ne gaba. Bisa wannan ma'auni Sobers ne na ɗaya da rarar kusan 24, Kallis na biye da kusan 23, sai Imran da kusan 15, Botham da Hadlee wajen 5 kowannensu, Kapil kuwa bai kai 2 ba.

Amma wannan ma'auni yana da aibi, domin yana fifita wanda ya fi ƙarfi a bugu ko da jifansa kaɗan ne. In aka juya aka duba yawan kaye a kowane wasa, sai jerin ya kife. Hadlee yana yin kaye 5 a wasa, Imran ya haura 4, Botham ya kusa 4, Kapil ya haura 3, Sobers biyu da rabi, Kallis kuwa bai cika 2 ba. Haka kuma Botham ya yi kaye biyar a turmi ɗaya har sau 27, alhali Kallis sau 5 kawai ya yi, duk da ya fi shi yawan wasa da 64. Ke nan alƙaluma iri ɗaya suna iya ɗaga mutum, suna kuma iya kayar da shi, ya danganta da gefen da aka kama su. Wannan ne dalilin da ya sa ya zama tilas a koma ga wasannin kansu.

Sobers a 1966

Sobers, mutumin tsibirin Barbados, ya shiga wasan Tes a 1954 yana ɗan shekara 17, kuma a matsayin mai jifa aka ɗauke shi, shi ne na tara a jerin masu bugu. Bayan shekara huɗu, a birnin Kingston, ya ci maki 365 a kan Pakistan ba a kayar da shi ba. Wannan ne ɗarinsa na farko a wasan Tes, kuma babu wanda ya zarce adadin sai Brian Lara a 1994. Wajen jifa kuwa, da hannun hagunsa yana iya jifan ƙarfi, yana kuma iya jifan murɗe iri biyu, na yatsu da na wuyan hannu. Watau ƙungiyar da take da shi tamkar ta shigo fili da ƙarin mutum biyu ne.

Ganiyarsa ta bayyana sosai a rangadin Ingila na 1966, yana kyaftin. A wasa biyar ya ci maki 722, ya yi kaye 20, ya cafke ƙwallo 10. A filin Lord's da ke Landan, mutum biyar na Wes Indis sun fita a turmi na biyu suna gaba da maki 9 kacal, kaye ya gabato. Sai shi da ɗan'uwansa David Holford suka tsaya suka haɗa maki 274 ba a raba su ba, nasa 163, aka tashi babu wanda ya ci. A filin Headingley kuma ya ci 174, sa'an nan ya karɓi ƙwallo ya yi kaye biyar a turmin farko da uku a na biyu. Wes Indis ta ci jerin wasannin da uku da ɗaya. Ya kamata a tuna cewa duk wannan ya faru ne kafin zuwan hular kwano, wadda masu bugu ba su fara sawa ba sai ƙarshen shekarun 1970.

Botham Daga 1977 Zuwa 1982

Babu wanda jimilla ta zalunta kamar Botham. Ya fara a 1977, kuma wasa 21 kawai ya yi ya haɗa maki 1,000 da kaye 100. A cikin ɗarurrukansa 14, guda 11 ya ci su ne kafin ƙarshen 1982. A watan Fabrairu na 1980, a birnin Bambai, ya yi kaye 6 a turmin farko na Indiya. Da Ingila ta shiga bugu mutum biyar suka zube a kan maki 58, sai ya tsaya ya ci 114, ya sake komawa ya yi kaye 7. Shi ne namiji na farko da ya haɗa ɗari da kaye goma a wasan Tes guda. An ce namiji, domin Betty Wilson ta Ostareliya ta riga shi tun 1958, inda ta ci 100 ta kuma yi kaye 11 a kan matan Ingila.

Shekarar da ta fi fito da shi ita ce 1981. An naɗa shi kyaftin a 1980, ya jagoranci wasa 12 bai ci ko ɗaya ba, wasansa ya lalace. A wasa na biyu na karawa da Ostareliya ya fita ba maki a turmi biyun duka, ya sauka daga kyaftin, aka maido da Mike Brearley. Wasa na uku a Headingley aka yi shi. Ostareliya ta ci 401, Botham ya yi kaye 6. Ingila ta tashi da 174, 50 daga ciki nasa ne. Saboda yawan tazarar aka tilasta mata ta sake shiga bugu nan take, mutum bakwai suka fita a kan 135, saura maki 92 kafin ma ta biya bashin da ke kanta. Daga nan Botham ya shiga duka ba ƙaƙƙautawa har ya ci 149 ba a kayar da shi ba. Ostareliya na neman 130 kawai, amma Bob Willis ya yi kaye 8, ta ƙare a kan 111. A wasa na gaba Botham ya yi kaye biyar cikin jifa 28, maki ɗaya tak aka ci a kansa. A wanda ya biyo baya ya ci 118. Ya gama jerin da maki 399 da kaye 34.

Bayan wannan zamani sai ciwon baya da nauyin jiki suka rage masa kaifi, amma ya ci gaba da wasa har 1992. Waɗannan shekaru na baya su suka ja lissafinsa ƙasa. Sai dai akwai wani tabo ko a cikin ganiyar tasa. Ƙungiyar da ta gagari kowa a lokacin ita ce Wes Indis, kuma Botham bai taɓa cin ɗari a kanta ba.

Imran Khan da Shekaru Goma na Ƙarshe

Al'amarin Imran kishiyar na Botham ne, domin shi a hankali ya nuna. Ya fara a 1971, bai yi suna ba sai da ya yi kaye 12 a birnin Sidni a 1977. A jerin wasanni shida da Indiya a 1982 zuwa 1983 ya yi kaye 40, ana cin ƙasa da maki 14 a kan kowane kaye, a filayen Pakistan waɗanda ba su taimakon mai jifan ƙarfi. A Faisalabad ya ci 117 ya yi kaye 11, ya zama namiji na biyu da ya yi irin bajintar Bambai. Na ukunsu, Shakib Al Hasan na Bangaladash, sai a 2014 ya zo.

Wannan wahala ta jawo masa tsagewar ƙashin ƙauri, ya yi kusan shekara biyu ba ya jifa sosai. A wannan tsakani ya mai da hankali ga bugu. A wasa 48 da ya yi yana kyaftin, matsakaicin bugunsa ya haura 50, na jifansa kuma wajen 20 ne. Daɗin daɗawa, ya yi abin da ya gagari Botham, domin Pakistan ta kara da Wes Indis a 1986 da 1988 da 1990 a ƙarƙashinsa, kowane jeri aka tashi ɗaya da ɗaya. A Georgetown a 1988 shi ya yi kaye 11 aka ci wasan. Ya rufe da ɗaukar Kofin Duniya a 1992 yana ɗan shekara 39, inda ya ci 72 a wasan ƙarshe.

Shi ma akwai abin lura a kansa. Ɗarurrukansa shida ne kawai, huɗu daga ciki daga 1987 zuwa gaba, lokacin da zafin jifansa ya soma raguwa. Har wa yau, sau 25 ana gama turmi ba a kayar da shi ba, wannan kuwa yana ɗaga matsakaici. Saboda haka kaifin nasa biyu ba kullum suke ci a rana ɗaya ba, ɗaya ya riga ɗaya nuna.

Kapil, Hadlee da Kallis

Kapil Dev ya yi jifa mai yawa a busassun filayen Indiya, kuma babu wani mai jifan ƙarfi na ajinsa da zai kama masa. Shi kaɗai ne ya haɗa maki 5,000 da kaye 400 a wasan Tes. Ranar da aka fi tunawa da shi kuwa a Kofin Duniya na 1983 ne, wanda ake yin wasanninsa a yini ɗaya. Mutum biyar na Indiya sun fita a kan maki 17 a gaban Zimbabuwe, shi kuwa ya ci 175 ba a kayar da shi ba. Bayan mako guda ya ɗaga kofin a Lord's, bayan an doke Wes Indis.

Hadlee shi ne ya fi su duka iya jifa. A Brisbane a 1985 ya yi kaye 9 a turmin farko, ɗayan da ya rage ma shi ya cafke ƙwallon, ya ƙara 6 a turmi na biyu, ya kuma ci 54. Amma ɗarurrukansa biyu ne tak, saboda haka gwanin jifa ne mai taɓa bugu. Kallis kuma gwanin bugu ne mai taɓa jifa. Ya yi shekara 18 yana wasa, daga 1995 zuwa 2013, ya ci ɗari sau 45, ya cafke ƙwallo 200. Jifansa ya yi kaɗan ne domin ƙungiyarsa tana da irin su Allan Donald da Shaun Pollock da Dale Steyn, shi hutar da su yake yi. Ba laifinsa ba ne, amma ba za a ba mutum ladan aikin da ba a sa shi ba.

Abubuwan da Ke Rikita Kwatance

Ko an duba ganiya, akwai abubuwan da lissafi ba ya kamawa. Na farko shi ne bambancin zamani, domin kayan kariya da ingancin katakon bugu da gyaran fili duk sun sauya tsakanin zamanin Sobers da na Kallis. Na biyu shi ne halin da ƙungiya take ciki. Maki 135 da Ben Stokes ya ci a Headingley a 2019 ba su kai rabin 365 na Sobers ba, amma ya ci su ne bayan Ingila ta zube a kan 67 a turmin farko, tana neman 359, kuma maki 76 na ƙarshe da mutum na ƙarshe ya haɗa su, Jack Leach, wanda ya ci ɗaya kacal. A littafin lissafi kuwa maki duk maki ne. Na uku shi ne nauyin da ke wuyan mutum, domin wanda ƙungiya ta dogara a kansa shi kaɗai, kamar Hadlee da Kapil, ba ya samun hutun da wanda ke cikin zarata yake samu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa amsar tambayar tana sauyawa da sauyawar tsawon lokacin da aka ɗauka. In shekara 18 aka auna, Kallis ne ya fi tara abin nunawa. In shekara goma ne, kuma aka sa ƙarfin abokan karawa a sikeli, hujjar Imran ta fi nauyi. In shekara biyar ne, da wuya a sami wanda yake cin wasa da bugu da jifa a lokaci guda kamar Botham. Amma in aka haɗa ma'aunan duka, Sobers ne ba ya faɗuwa a ko ɗaya. Ya daɗe, domin ya yi shekara 20. Yana cikin manyan masu bugu na kowane zamani, kuma jifansa aikin yau da kullum ne ga ƙungiyarsa, wadda tun farko ma saboda jifan ta ɗauke shi. Rauninsa guda shi ne jifan nasa bai kai zafin na Imran ko na Hadlee ba, kuma a nan ne masu ja da wannan hukunci za su kafa ƙafa. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauko jimilla kawai a ce an gama magana, domin wanda ya yi haka zai sa Botham a can ƙasa, alhali a tsakiyar 1981 babu ɗan wasan da Ostareliya take tsoro kamarsa.